Tambayi Anti: Wai Maigida Ya Ce Mu Je Mu Kwana a Tanti a Bakin Tafki

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan wasiƙun da suka fi yawa daga 'yan uwanmu ne mazauna Kanada, kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi, tunda ƙanƙara ta narke rana ta fito kowa ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Na tattaro su wuri guda in amsa. Masu tambayar girki da masu tambayar makarantar yara ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba insha Allah.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Shekararmu biyu a Brampton ni da maigida da yara uku, babbar shekararta 9 ƙaramin kuma 3. To abokan aikinsa sun zuga shi wai mu je wani wuri Sandbanks mu kwana biyu a tanti a bakin ruwa, ya dage sosai har ya fara duba tanti a Canadian Tire. Ni kuma wallahi hankalina bai kwanta ba, ta yaya mutum da gidansa zai kwashi yara ya kai su daji su kwana a ƙasa, ga namun daji ga macizai, ga shi ban san ya banɗakinsu yake ba. Na faɗa wa Mama a waya ta ce in gaya masa ba da jikokinta ba. Anti wai lafiya lau ne wurin nan?
Maman uku, Brampton

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na yi dariya da na karanta maganar Mama, don nima haka tawa ta ce, har da ƙarin "kun je Turai kun haukace". Ki kwantar da hankalinki, dajin da kike gani a ranki daban, wanda za ki tarar daban.

Sandbanks gandun shaƙatawa ne na gwamnatin lardin Ontario, kin san Kanada larduna goma gare ta kuma kowane lardi da irin nasa gandayen, Ontario kaɗai tana da sama da 300, hukumar da ke kula da su ita ce Ontario Parks. Shi wannan yana bakin Tafkin Ontario ne a yankin Prince Edward County kusa da garin Picton, daga Brampton ki lissafa wajen awa uku a kan titin 401 in kika nufi gabas, in ba ranar Juma'a da yamma kuka fita ba, don wannan kam sai dai Allah ya kai ku. Kuma in na ce tafki kar ki kawo kududdufi ko dam ɗin Tiga a ranki, Tafkin Ontario faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 19,000, kina tsaye a bakinsa ba ki hango ɗaya gaɓar, ga igiyar ruwa kamar teku, sai dai ruwan ba gishiri. Abin da ya sa wurin ya yi suna shi ne tuddan rairayi, manya manya, farare tas, ranar da na fara hawa sai da na tuna hotunan Tulo-Tulo na Yusufari, bambancin kawai nan kina gangarowa sai ruwa. Wani abin mamaki ma, su ma sun taɓa ɗanɗana irin tamu matsalar, manoman da suka zauna wurin a ƙarni na 19 sun sare itatuwa sun saki shanu a kan tuddan, rairayi ya tashi ya dinga binne gonaki da hanyoyi har da gine-gine, sai da aka yi shekaru ana dashen itatuwa kafin ya tsaya. Shi ya sa za ki ga ma'aikatan ba sa wasa da wanda ya bar hanya ya bi ta kan ciyawar tuddan.

Wurin kwanan kuma unguwa ce guda ƙanwata. Akwai ƙofa da ma'aikata, ana ba ki takarda, kowane fili da lambarsa, mota tana shiga har gindin tantinki, akwai tebur da benci da murhun ƙarfe na hura wuta, wasu filayen har da soket na lantarki. Maƙwabcinki yana nan taku ashirin kina jin tarin yaronsa. Akwai famfo, akwai ginin banɗaki mai masai na zamani da shawa mai ruwan zafi, sannan a tsakanin layuka akwai ƙananan masai na rami, waɗannan kam sai ki toshe hanci, amma ai ba baƙonmu ba ne. Buta dai ki tafi da taki, biyu ma, don ba za ki samu a can ba. In kuna zaɓar fili a taswira ki ɗauki wanda bai yi nisa da banɗaki ba saboda ɗan shekara ukun nan da tsakar dare, amma kar ki ɗauki na jikinsa, ƙarar ƙofa da fitila ba za su bar ki barci ba.

Maganar namun daji, yankin nan gonaki ne da lambuna, beyar sai can arewa irin su Algonquin da Killbear. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a duk Ontario, shi ma yawanci can gefen Georgian Bay yake, wani ɓangare na Tafkin Huron. Ɓarawon da zai dame ki shi ne rakun, wata dabba ce kamar ƙaton muzuru da baƙi zagaye da ido kamar ta sha kwalli, hannunta kamar na mutum. Zuwana na farko na jiƙa kaji da yaji da tafarnuwa na saka a kula na tura ƙarƙashin tebur, na ce gobe da rana sai gashi, wallahi da asuba na fito na tarar da kular a buɗe, ƙashi kawai suka bar min da sawun ƙafa a kan murfin, ranar burodi da shayi muka wuni ci. Duk abin ci, har man goge baki da shara, a but ɗin mota yake kwana, kar ki shiga tanti da ko biskit, in ma'aikata suka ga kin bar abinci a waje kin tafi suna iya cin ki tara.

Abin da nake so ki ji tsoro ƙanana ne. Na farko kaska, akwai wata baƙar ƙarama kamar ƙwayar riɗi da ke ɗauke da ciwon Lyme, kuma gabashin Ontario tana da yawa. Kullum da yamma ki tuɓe yara ki duba bayan kunne da hammata da cikin gashi da matsematsi. In kin gani kar ki ɗiga mata kananzir ko ki ƙona ta da ashana irin yadda muke wa ta awaki, ki sa ɗan hantsaki ki kama ta daf da fata ki ja a miƙe a hankali, in an cire ta kafin ta kwana ta wuni haɗarin kaɗan ne, sannan ki je kemis, tun 2023 masu kemis a Ontario suna da ikon ba da maganin rigakafin in ba'a wuce kwana uku ba. Na biyu wata ciyawa mai ganye uku uku, a allo za ki ga an rubuta poison ivy, in ta taɓa fata sai ƙuraje da ƙaiƙayi na sati biyu, tana da yawa a gefen hanyoyin rairayi, ki nuna wa yara hotonta tun a gida. Sauro akwai, ba ya sa maleriya amma cizonsa ba sauƙi, ki sayi maganin shafawa. Na uku kuma wanda ya fi duka shi ne ruwan kansa, ki karanta amsar da na ba Baban da ke ƙasa, ki ba maigida ma ya karanta.

Amma fa kafin ya sayi tanti ki tambaye shi, ya kama wuri? Don nan ne gizo ke saƙa. Ana buɗe kama wuri a shafinsu na intanet wata biyar kafin ranar zuwa, da ƙarfe 7 na safe, wato mai son 15 ga Yuli tun 15 ga Fabrairu yake zaune gaban kwamfuta da shayinsa ana tsakiyar sanyi, kuma na Sandbanks cikin mintoci ake wawashe su, saboda rububin ne ma daga 2023 aka rage kwanakin da mutum zai iya yi a can lokacin zafi zuwa bakwai. In bai samu ba ya dinga leƙawa don mutane na fasawa, ko ku nemi tsakiyar sati, ko bayan hutun Labour Day a farkon Satumba lokacin ruwa bai gama hucewa ba kuma jama'a sun watse, ko ku gwada Presqu'ile da ke kusa da Brighton a kan hanya ɗaya. Kuɗin fili a dare yana kamawa wajen dala 40 zuwa 60. Ƙa'ida mutum shida ne a fili ɗaya sai in iyaye ne da 'ya'yansu.

Shawarata, ku fara zuwa wuni ɗaya ku dawo gida, ki ga wurin da idonki. In ya kwanta miki sai a yi kwanan. Ku kafa tantin a falo ko bayan gida sau ɗaya tukuna, don ba abin da ke haɗa miji da mata faɗa irin kafa sabon tanti magariba ta kawo kai yara na kuka. Ki ɗauki bargo da rigunan sanyi ko da Yuli ne, dare a bakin ruwa yana yin sanyi, kuma sanyin daga ƙasa yake tasowa, tabarma kaɗai ba za ta yi ba sai da katifar hurawa ko soso. Mama kuma ki kira ta a bidiyo daga kan rairayin, tawa da ta gani cewa ta yi ashe wurin har da shara ake yi.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ina da yara maza biyu, 11 da 7, sun matsa min sai na kai su Wasaga Beach. Gaskiyar magana ni ban iya ruwa ba, a Katsina na tashi ina zan koya, su ma ba wani iyawa suka yi ba. Matata ta ce ai ba teku ba ne kuma akwai ma'aikata masu ceto, in bar su su shiga. Ya kika gani?
Baban yara, Scarborough

AMSA: Alhaji ka gaishe min da Hajiya amma a nan ba ta yi daidai ba, a wuri biyu ma. Bakin ruwan gandayen Ontario babu masu zaman gadin masu iyo, an rubuta a allo tun daga ƙofa, kai ne mai gadin ɗanka. Sannan cewa ba teku ba ne, manyan tafkunan nan suna cin mutane duk shekara, kuma abin da ke min ciwo sau da yawa baƙi ne irinmu da suka zo daga inda ba'a koyon iyo.

Ka kai su, Wasaga wuri ne mai kyau ga yara, rairayin ya kai kilomita 14 a bakin Georgian Bay, ana cewa babu bakin ruwan daɗi mai tsawonsa a duniya, kuma ruwan ba zurfi daga farko, sai ka yi ta tafiya yana gwiwarka. Wannan rashin zurfin ne kuma yake yaudarar mutane, ƙasan ruwan tudu da kwari ne, yaro yana tsaye ruwa a cibiya taku biyu gaba ya rufe kansa. Duk wanda bai iya iyo ba ya sa rigar ruwa, irin mai ɗaurin nan da ke hana nutsewa, har kai Alhaji, ba abin kunya ba ne, gandaye da yawa ma suna ba da aronta kyauta ka tambaya a ƙofa. Balan-balan ɗin hannu da tayar roba da katifar hurawa kayan wasa ne kawai, in iska tana kaɗawa daga tudu zuwa ruwa cikin minti biyu za ta ja yaro a kan katifar nan ta kai shi inda ba ka isa ka bi shi ba. Ƙaramin kar ya wuce inda hannunka zai kai gare shi. Kuma wayar nan a ajiye ta, mai nutsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu irin na fim, shiru yake yi kansa a ɗage bakinsa na shiga ruwa yana fita, mutane na gefensa suna zaton wasa yake. Abin da muke yi in mun je da yawa, sai a ce wane kai ne mai ido na minti ashirin, ba hira ba waya ba cin abinci, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki, don in aka ce kowa na kallo to ba mai kallo.

Ranar da iska ta taso igiyar ruwa ta yi ƙarfi ku haƙura ku gina gidan ƙasa a waje. A irin ranar ne ake samun wata hanyar ruwa da ke komawa ciki da gudu tana jan mutum, wanda ta kama kar ya yi kokawa da ita ya nufo gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa ne zai ƙare, ya kwanta a bayansa ya yi lamo, in ya iya iyo ya bi gefe a jere da gaɓa har ya fita daga cikinta. In ka ga wani na nutsewa kai da ba ka iya ba kar ka faɗa, gawa biyu za'a fitar, ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa ko da kula ce, ka yi ihu, a kira lambar gaggawa 911. In an ji tsawa kowa ya fito, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Sannan kar zafin rana ya ruɗe ka a Mayu da farkon Yuni, sama zafi ruwan kuma kamar daga firij, yana ɗauke numfashi nan take, sai ƙarshen Yuli da Agusta yake daɗin shiga.

Ga masu zuwa Sandbanks, Outlet Beach shi ne na yara don a hankali yake zurfi, Dunes Beach kuwa da ke gindin tuddan yana da gangara mai faɗawa lokaci guda, kyansa a hoto ya fi kyansa ga wanda bai iya ruwa ba.

Mata 'yan uwana, ba wanda zai hana ki shiga da suturarki, amma dan Allah ba da zani ko abaya ko dogon hijabi ba, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Akwai kayan iyo na musulmi masu rufe jiki, ko dogon wando mai kama ƙafa da riga mai dogon hannu da ƙaramar hula. Masu tsiraici kuma za ku gan su, ƙasarsu ce, in abin ya dame ku ku je da sassafe ko bayan la'asar, ko ku yi ɗan tattaki nesa da wurin ajiye motoci, jama'a ba sa son tafiya da kaya. Kai kuma Alhaji da kun dawo ka sa yaran ajin koyon iyo a cibiyar unguwarku, akwai na manya ma, wasu wuraren wankan a Toronto har da lokacin mata zalla.

TAMBAYA: Anti ni ɗaliba ce, ba mota ba kuɗi, ƙawayena 'yan ajinmu sai ɗora hotuna suke a bakin ruwa ni ina ɗaki ina cin indomi. Akwai yadda talaka zai je?
Ɗaliba, Oshawa

AMSA: 'Yata ai ke a bakin ruwan ma kike zaune ba ki sani ba. Darlington Provincial Park yana nan gefen Oshawa a bakin Tafkin Ontario, in kuka haɗa kuɗin tasi ku huɗu ba zai gagare ku ba. Bai kai Sandbanks kyau ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma akwai rairayi akwai wurin gashi akwai inuwa.

In kina da ƙawa mai mota abin ya zo da sauƙi, kuɗin shiga na wuni a kan mota ake biya ba a kan mutum ba, bai wuce dala ashirin da ɗan abu ba, ku biyar ku raba. A wuraren da ake rububi ana sayen takardar a intanet tun kwana biyar kafin ranar, ku saya, don na sha ganin motoci an juyo da su daga ƙofar Sandbanks bayan tafiyar awa uku wai wuri ya cika. Ki leƙa laburaren garinku ma, da yawansu suna ba da aron katin shiga gandayen Ontario kamar yadda ake aron littafi, sai dai layi. Sannan Juma'a ta uku a watan Yuli shiga kyauta ne na wuni a duk shekara. Akwai kuma motar Parkbus da ke ɗiban mutane daga Toronto zuwa wasu gandayen irin su Algonquin, wanda shi ne mafi tsufa tun 1893, amma wannan sai kin ɗan tara kuɗi.

Kayan kwana kar ki saya sabo. Ki duba Kijiji ko Facebook a ƙarshen Agusta, lokacin waɗanda suka gwada sau ɗaya suka rantse ba su ƙara ba suke sayarwa da araha. Kuma ki faɗa wa wani babba inda za ki da wanda za ki da lokacin dawowa, wannan kam ko ba ki tambaya ba sai na faɗa.

TAMBAYA: Ya ake yi da sallah a irin wurin nan? Kuma za mu yi ƙasaru?
Wani ɗan uwa, Ottawa

AMSA: Malam sallah ba ta da wahala a can, ka shimfiɗa darduma a gefen tantinka ba mai ce maka kanzil, iyaka wani ya gaishe ka in ka idar. Alƙibla daga kudancin Ontario arewa maso gabas take, wajen digiri 55, na faɗa ne don na sha ganin mutanenmu suna fuskantar kudu maso gabas saboda haka taswira ta nuna musu a ido. Ka duba tun kana da sabis, wasu wuraren waya ba ta kamawa sosai. Lokutan ne sai ka shirya, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9 na dare, isha ta kusa 11, asuba kuma wajen 4, ka ajiye tocila da buta cike a bakin tanti tun dare. Da asuba a yi a hankali, tanti ba bango gare shi ba, maƙwabta na barci kuma dokar surutu a wurin da ƙarfinta. Karnuka suna da yawa amma doka ta ce a ɗaure da igiya, kuma ba kowane bakin ruwa aka yarda su je ba.

Ƙasaru kuma abin da muka karanta a Malikiyya tafiyar mil 48 ce, wajen kilomita 80, kuma in ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba kana matafiyi. Daga Ottawa zuwa Sandbanks ya ninka haka. Sauran bayanin ka tuntuɓi malaminku, ni nawa iyaka kenan.

TAMBAYA: Hajiya mu goma sha biyu ne za mu je gandun Pinery a Agusta, mun yi niyyar gashin tsire da kifi. Wani abokinmu yana da itacen da ya sare a bayan gidansa zai kawo mu huta da saye, ni kuma zan zo da fatsa in kama mana kifi a can. Akwai matsala?
Shugaban tafiya, London ta Ontario

AMSA: Akwai, guda uku ma. Ku sha biyu fili biyu za ku kama, kuma kowace mota ta biyu da kuɗinta daban. Itacen abokinku kuma ya bar shi a gida. Akwai wani koren ƙwaro da aka fara gani a Windsor a 2002, ya shigo daga Asiya, tsutsarsa tana zama a ƙarƙashin ɓawon itace, ya kashe miliyoyin itatuwa a lardin nan, kuma a cikin itacen wuta mutane suka dinga yaɗa shi gari gari ba su sani ba. Shi ya sa ake cewa ka sayi itace inda za ka ƙona shi, ana sayarwa a buhu a cikin gandun. Tsintar ƙirare a dajin ma haramun ne a wurinsu, ko busasshe ne a ƙasa, akwai tara, na san wannan yana ba Bahaushe mamaki amma haka dokar take. Wuta a cikin murhun da aka tanada kawai, in za ku kwanta ku kashe ta da ruwa har toka ta huce, in kuma an yi fari an hana hura wuta to ku riƙe ƙaramin risho na gas a mota saboda irin ranar.

Abu ɗaya da zan roƙe ku da girman Allah, kar wanda ya shiga tanti da gawayi ko risho don jin ɗumi ko don ruwan sama ya hana girki. Iskar da ke kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki ita ce dai wannan, ba wari ba hayaƙi, barci kawai mutum zai yi.

Kifi kuma sai da lasisi, daga shekara 18 zuwa 64 sai ka yanki katin Outdoors Card da lasisin kamun kifi, a intanet ake yi ko a Canadian Tire, kowane irin kifi da lokacinsa da adadin da aka yarda ka ɗauka. Akwai 'yan kwanakin da ake yafe wa mazauna ƙasa, irin satin farkon Yuli, amma Agusta ba ya ciki. Ni dai in kun ji tawa ku sayi kifinku da namanku na halal tun a London ku cika kula da ƙanƙara, ƙananan garuruwan bakin ruwa ba lallai ku samu ba, kuma mutum sha biyu ba sa dogara da fatsar mutum ɗaya. Ku yanka naman ku tsire shi a gida, ƙuli da yaji a roba daban. Pinery a bakin Tafkin Huron yake kusa da Grand Bend, rairayin wajen kilomita 10, kuma yamma yake kallo, don haka ku gama gashin da wuri ku je ku zauna ku ga faɗuwar rana a cikin ruwa, mutane daga nesa suke zuwa don ita kaɗai. Akwai wani tsohon rafi a cikin gandun mai kwanciyar ruwa da ake hayar kwalekwale, kowa da rigar ruwansa, har masu cewa sun iya.

TAMBAYA: Anti ni fa ina karanta ku ne ina dariya. Mutum ya bar gida mai lantarki da gado ya je ya biya dala ya kwana a ƙasa sauro na cizonsa, wai hutu. In wahala kuke nema ku dawo gida mana akwai ta kyauta.
Mai karatu, Kano

AMSA: Ɗan uwa ka yi gaskiya, nima shekarata ta farko haka na ce. Amma ka zo ka yi wata biyar a kulle, daga Nuwamba zuwa Maris, a Disamba rana na faɗuwa kafin biyar na yamma, yara ba su taka ƙasa da ƙafarsu ba sai cikin takalmin ƙanƙara, maƙwabcinka ba ka san sunansa ba, sannan ka gaya min. Kai in zafi ya yi tabarma kake ja tsakar gida ka kwanta kana kallon taurari, yara na wasa a ƙofar gida har isha, ana hira ana gasa masara, ba ka taɓa lissafa shi a matsayin wani abu ba. To shi muke biyan dala hamsin mu samu na kwana biyu, har da layi tun Fabrairu. 'Yata da aka haifa a nan a Pinery ta fara ganin taurari da yawa haka, ta tambaye ni wai wa ya kunna su.

In Allah ya kawo ka ka zo a Agusta zan kama mana fili, kai za ka hura wutar tunda na san sai ka fi mu iyawa. Ka taho min da yaji da kuka, ka nuna wa kwastam a filin jirgi, kilishi dai kar ka wahalar da kanka don ba sa bari a shigo da nama.